Ɗigon Jinin Diddige: Gwajin Da Ke Riga Ciwo Isa Wurin Jariri

A Ingila, ranar da jariri ya cika kwana biyar, ungozomar gwamnati kan zo, sau da yawa har gida, ta kama ƙafarsa ta ɗan soki gefen diddigen, ta ɗiga jinin cikin da'ira huɗu da aka zana a jikin wani kati. Yaro ya tsala ihu, uwa ta sa masa nono ya yi shiru, kati kuma ya kama hanyar ɗakin gwaji cikin ambulan. Amurkawa ba sa ma jiran kwana biyar ɗin. Tsakanin awa 24 zuwa 48 da haihuwa suke ɗiba, tun mai jego ba ta bar asibiti ba. Jariran nan duk garau suke a ido, suna tsotso suna barci. Ciwon da bai riga ya fito fili ba ake farauta. Cikin jarirai kusan miliyan huɗu da ake haifa a Amurka duk shekara, wannan gwaji da na ji da ake yi tare da shi kan zaƙulo wajen 12,000 masu larurar da in aka bari ta bayyana da kanta, sau da yawa an makara.

Asalin wannan al'ada ciwo guda ne, mai wuyar samu mai wuyar suna, fenilketonuriya, wanda likitoci ke taƙaitawa da PKU.

Fitsarin da ya koma kore

A 1934 wata mata a birnin Oslo na ƙasar Norwe ta gaji da yawon asibiti da 'ya'yanta biyu, mace da namiji. Lafiya ta haife su, amma suna tasowa sai ta ga sun tsaya. Yarinyar da ƙyar take haɗa 'yan kalmomi, yaron kuwa ya shekara huɗu ba tafiya ba magana. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wani wari irin na ɓera da ke tashi daga jikinsu da fitsarinsu, duk wankan da za ta yi musu. Likitoci ba su ɗauki maganar warin da muhimmanci ba. Ta nace har ta kai ga Asbjørn Følling, likitan da ya karanci kimiyyar sinadarai kafin ya shiga likitanci. Shi ma ya karɓi aikin ne don kada ya watsa mata ƙasa a ido.

Cikin gwaje-gwajen da ya yi, ya ɗiga wa fitsarin wani ruwan sinadari, ferik kulorayid, wanda aka saba amfani da shi wajen duba masu ciwon sukari. Sai ga fitsari ya rikiɗe ya zama kore mai duhu, launin da bai taɓa gani ba. Uwar ta yi ta jigilar fitsarin yaran zuwa ɗakin gwajinsa, har wajen lita 20, kafin ya tace abin da ke kawo koren ya gane daga wani sinadarin abinci mai suna fenilalanin yake fitowa. Daga nan ya bi gidajen da ake ajiye yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa ya gwada 430, ya sami takwas masu irin wannan fitsari.

Duk abinci mai gina jiki, nama ne ko wake ko nonon uwa, yana ɗauke da fenilalanin. Jiki na buƙatarsa amma kaɗan, ragowar kuma hanta ce ke juya shi zuwa wani abu dabam da taimakon wani inzayim. Mai PKU ya gaji wannan inzayim a lalace. Kamar kwatar gida ce ta toshe da damina: ruwan ba shi da laifi, rashin mafita ke sa ya taru ya ci gindin katanga. Katangar a nan ƙwaƙwalwa ce mai kan girma. Muddin jariri yana ciki, hantar uwa ke yi masa aikin, shi ya sa ake haihuwarsa lafiya lau. Ranar da ya kama nono, ranar abin ke fara taruwa, kuma kafin uwa ta lura yaro ba ya bin ta da ido ko ya ƙi zama, watanni sun wuce, ɓarnar ta zauna. Lissafin gadonsa kuwa mai karatu ya san shi, don iri ɗaya ne da na AS da AS a sikila: uwa da uba kowa na ɗauke da rabi, lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu.

An yi shekara goma sha bakwai ana sanin sunan ciwon ba a san maganinsa ba. A 1951 aka kawo wata yarinya da ba ta kai shekara biyu ba asibitin yara na Birmingham, wani likita Bajamushe, Horst Bickel, ya gane PKU ce. Uwarta ta ƙi yarda a ce mata sai haƙuri, kullum safiya tana tsaye a ƙofar ɗakin gwaji. Bickel da abokan aikinsa Evelyn Hickmans da John Gerrard suka bi wata dabara ta Louis Woolf, suka narkar da furotin na madara suka tace shi ta cikin gawayi har fenilalanin ya fita, suka ciyar da yarinyar da abin da ya rage. Cikin watanni ta fara rarrafe, ta fara tsayuwa, idonta ya yi haske. Don su tabbata ba son zuciya ke nuna musu sauƙin ba, sai suka mayar mata da fenilalanin cikin abinci ba tare da sanin uwar ba, abin da yau babu hukumar asibitin da za ta lamunta. Cikin 'yan kwanaki yarinya ta koma gidan jiya. Sun buga sakamakon a 1953. Ita dai ba ta warke ba, domin abin da ya riga ya lalace bai dawo ba, amma ta tabbatar wa duniya abu biyu: abinci na iya tsayar da ciwon, kuma sai an fara tun da wuri.

Abincin fa ba wasa ba ne. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba wake, ba gyaɗa, hatsi ma sai an auna, sauran abin da jiki ke so daga wata madara ta musamman mai tsada. Da farko an ɗauka in yaro ya shiga makaranta za a iya sakin masa mara, yanzu shawarar likitoci ita ce har ƙarshen rayuwa, musamman ga mace mai ciki, don yawan sinadarin a jininta na illata ɗan tayi ko da shi bai gaji ciwon ba. Wanda ya taɓa juya kwalbar lemon da ba sukari ya ga gargaɗin cewa akwai fenilalanin a ciki, don waɗannan mutane aka rubuta shi.

Likitan da ya sa ƙwayoyin cuta aiki

Magani ya samu, saura yadda za a gane jariri ɗaya cikin dubu goma ko fiye tun bai nuna komai ba. An gwada ɗiga ruwan Følling a kan jiƙaƙƙen ƙunzugu, amma fitsari ba ya nunawa sai jariri ya yi makonni, kuma yakan kuskure.

Robert Guthrie likita ne masanin ƙananan halittu a birnin Buffalo na jihar New York, kuma binciken ciwon daji yake yi. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa na da naƙasar ƙwaƙwalwa, ko da yake ba PKU ba ce, wannan ya haɗa shi da ƙungiyar iyayen irin waɗannan yara. Ana cikin haka aka gano ɗiyar 'yar'uwar matarsa na da PKU tana da wata goma sha biyar, lokaci ya riga ya ƙure. Dabarar da ya fito da ita ta yi sauƙin da har ta ba mutane mamaki. A shimfiɗa abincin ƙwayoyin cuta a faranti, a zuba ƙwayar Bacillus subtilis tare da wani sinadari mai hana ta tsiro, wanda ba abin da ke karya shi sai fenilalanin. A huda ɗan ƙaramin da'ira daga takardar da jinin jariri ya bushe a kai, a jera irinsu da yawa a farantin, a sa a wuri mai ɗumi ya kwana. Da safe duk da'irar da jininta ke lafiya ba abin da zai tsiro kewaye da ita. Wadda jininta ya cika da fenilalanin kuwa za a tarar ƙwayoyin sun yi mata farin rawani, faɗin rawanin gwargwadon yawan sinadarin.

Ni a ganina busasshen jinin nan a takarda ya fi farantin kansa muhimmanci. Ba kwalba, ba firji, ba allurar neman jijiya a hannun jinjiri. Ungozomar ƙauye za ta iya ɗiba, gidan waya ya kai. Gwamnatin Amurka, a zamanin Shugaba Kennedy wanda shi ma yana da ƙanwa mai irin wannan naƙasa, ta ɗauki nauyin gwada shi a kan jarirai 400,000 a jihohi 29, aka sami 39 masu PKU. A 1963 Guthrie da Ada Susi suka buga aikin, a shekarar kuma jihar Massachusetts ta wajabta gwajin. Ailan ta fara na ƙasa baki ɗaya a 1966. Har rigimar kuɗi an yi: kamfanin da aka ba lasisi ya sa dala 262 a kan ƙunshin gwajin jarirai 500, alhali Guthrie na haɗa shi a dala 6. Ya kai kuka ga hukuma, aka hana kamfanin mallakar abin shi kaɗai.

Ba a tafi sumul ba. Manyan ƙungiyoyin likitoci sun yi adawa da dokokin tilas, kuma ba duk maganarsu ce ta son kai ba. An sami jariran da sinadarin ya ɗan hau a jininsu ba tare da ciwon ba, aka ɗora su kan tsattsauran abinci har ya cutar da su. Daga irin wannan aka koyi cewa gwajin diddige tankaɗe ne kawai, duk wanda ya faɗa ciki sai an sake kiransa an tabbatar. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ƙa'idoji goma na Wilson da Jungner, waɗanda har yau ake komawa gare su. Gundarinsu shi ne kada a nemi ciwo a jikin mai lafiya sai ciwon babba ne, akwai maganinsa, kuma akwai wurin da za a kai wanda aka samu da shi.

Bayan haka abin ya yi ta faɗaɗa. A farkon shekarun 1970 Jean Dussault na Kwibek a Kanada ya auna sinadarin tayirod daga wannan kati, aka fara kama jariran da aka haifa ba shi, ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000, waɗanda 'yar ƙwaya mai arha kullum ke raba su da daƙushewar ƙwaƙwalwa. A shekarun 1990 aka sami na'urar da ke auna sinadarai barkatai daga ɗigo ɗaya, har Amurka ta kai ga neman larura sama da talatin.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

PKU ba ta rabu daidai a duniya ba. A Ailan jariri ɗaya ne cikin 4,500, Turkiyya ma na sahun gaba, a Finlan kuwa ba ta kai ɗaya cikin 100,000 ba, kuma tana da ƙaranci sosai ga baƙar fata. Inda auren zumunci ya yawaita, irin waɗannan cututtuka na ƙaruwa, don 'yan wa da ƙani sun fi yiwuwar ɗaukar rabi iri ɗaya daga kaka guda. Saudiyya ta fara shirin ƙasa a 2005, ta kuma tarar da wajen jariri ɗaya cikin dubu na da ɗaya daga cikin cututtukan da take nema. Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa, inda auren gida ke da daraja, kuma inda macen da 'ya'yanta ke rasuwa bi da bi ake ce mata mai wabi a sa wa na gaba Ajuji ko Ayashe.

Sai dai kuskure ne mu ɗauko jerin cututtukan Amurka mu ce shi za mu bi. Na'urarsu na cin miliyoyi, tana son wutar da ba ta ɗaukewa, madarar PKU kuma ta fi ƙarfin aljihun yawancin gidaje. Namu manyan a bayyane suke.

Na farko sikila. Ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai haka. Jaririn SS ma lafiya yake zuwa, don jinin da ya fito da shi daga ciki na kare shi na 'yan watanni, kafin hannu da ƙafa su fara kumbura, saifa ta raunana, zazzaɓin da ɗan'uwansa zai tsallake shi ya kayar da shi. Binciken da Marilyn Gaston ta jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 1986, ya nuna shan fenisilin kullum na rage mummunar cutar ƙwayar nimoniya a jinin waɗannan yara da kashi 84 cikin ɗari. Amma wa za a ba fenisilin in ba a san shi ba? Gana ta fara gwajin jarirai a Kumasi a 1995 ƙarƙashin Kwaku Ohene-Frempong. Najeriya ta kafa cibiyoyi shida da manyan na'urori, ciki har da Birnin Kebbi da Gombe da Keffi, amma jariran da suka isa gare su kaɗan ne a kan waɗanda ake haifa. Abin da ya fi kama da mafita shi ne aikin Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja a Gwagwalada: aka kai ɗan tsinken gwaji mai ba da sakamako cikin mintuna ƙananan asibitoci biyar, aka haɗa shi da layin rigakafi. Cikin yara 3,603 aka sami 51 masu SS, kusan ɗaya cikin biyar kuma AS. Dokar gwaji kafin aure da Kano ta kafa a 2024 abu ne mai kyau, amma ba ta da abin da za ta yi wa jaririn auren da aka riga aka ɗaura.

Na biyu shi ne ainihin ɗan'uwan PKU, don shi ma inzayim ne aka gada da rauni, kuma mutane ƙalilan ne suka taɓa jin sunansa: ƙarancin G6PD. Aikin wannan inzayim kare jajayen ƙwayoyin jini daga wasu sinadarai masu fasa su. Mutum wajen miliyan 400 ke da ƙarancinsa a duniya, ya fi kama maza, kuma bincike a Najeriya ya sha samun sa ga namiji ɗaya cikin biyar ko shida. Yawancinsu har su tsufa ba za su sani ba. Haɗarin yana makon farko na rayuwa.

A duba ɗakin mai jego. Tun ciki na wata bakwai aka jera kayan jariri a akwati, aka watsa fararen ƙwallayen kafur don kyankyaso da ƙamshi. Ranar haihuwa aka ciro riga da hula da shawul aka naɗe shi ciki. Sinadarin kafur ɗin na shiga ta fata da numfashi, in yaron mai ƙarancin G6PD ne jininsa ya fara fashewa, shawara ta taso da ƙarfi. Ɗakin da duhu-duhu, fatar baƙa ce, ba a ganin rawayar sai an buɗe ido ko dasashi a hasken rana. In sinadarin shawarar ya haura ƙwaƙwalwa, jariri ya saki nono, kukansa ya koma siriri mai tsini, ya riƙa banƙarewa. Wanda ya rayu yakan tashi kurma ko wuya ba ya tsayuwa, a wasu gidajen a ce ɗan ruwa ne. Ba kafur kaɗai ba. Tun 1980 Olowe da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, suka nuna a Legas cewa hoda mai mentol da ake barbaɗa wa cibiya na tsananta shawara ga waɗannan jarirai. Likitoci a Kuwait da Daular Larabawa kuma sun ruwaito jariran da jininsu ya fashe bayan an shafa musu lalle a jiki.

Singafo ta fara gwada jinin cibiyar kowane jariri a 1965, tana riƙe masu ƙarancin a asibiti ana lura da su, ana gargaɗin iyaye kan kafur, har lalacewar ƙwaƙwalwa ta dalilin shawara ta kusa ɓacewa a ƙasar. A 1989 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar gwada duk jarirai a inda abin ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na maza. Mun ninka wannan adadi sau da yawa. Maganin kuma ba madarar waje ba ce, shuɗiyar fitila ce da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta, sai canjin jini in abin ya yi nisa.

Inda gizo ke saƙar

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma bai kai kashi ashirin ba. Duk shirin da zai zauna ɗakin haihuwa yana jiran jariri, mafi yawa za su wuce shi. Dole a bi su inda suke zuwa, wato allurar BCG da ta mako shida, a kuma jawo mutum biyu da ke ganin jinjiri kafin kowane likita, ungozoma da wanzami. Wanzamin da ke zuwa askin suna ya fi kowa damar cewa a kai yaro gwaji, kuma ana jin maganarsa.

Akwai batun yarda. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma zargi ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Ko a Amurka, jihar Texas sai da ta lalata katunan jini sama da miliyan biyar bayan iyaye sun kai ƙara kan ajiye su ba da izininsu ba. Wanda zai ɗebi jinin jariri a takarda ya tafi da shi, wajibi ne ya gaya wa uba da uwa da harshensu me za a nema, ina za a kai, yaushe za a dawo da amsa. Wajibi ne kuma mai ba da sakamako ya iya bakinsa, don a gida da yawa uwa ake ɗora wa laifi, alhali SS daga ɓangare biyu take zuwa, kuma ba wanda ya zaɓi abin da ya gada.

Mafi wuya duka shi ne bayan gwaji. Katin da ba lambar waya, ba sunan unguwa, ba ma'aikacin da zai bi sawu, ba fenisilin a kantin asibiti, ba fitilar da ke aiki, ɓarnar jini ne da kuɗi. Jihar da ke son farawa ta fara da sikila da G6PD, ta ƙara tayirod in ta sami ƙafa, ta kuma ware kuɗin kula da yaran da za a samu kafin ta sayi tsinken gwaji ko ɗaya.

Kafin gwamnatoci su motsa, akwai abin da ke hannunka, mai karatu. A fitar da kafur daga akwatin kayan jariri, a wanke kayan a shanya kafin haihuwa. Kada a shafa wa jinjiri lalle ko hoda da man zafi masu mentol. In an je BCG a tambaya ko ana gwajin sikila, musamman in ɗayan iyaye AS ne. Kullum safiya a makon farko a fito da yaro haske a duba farin idonsa da dasashinsa. In an ga rawaya, ba ruwan gulukos ba, ba jiƙon gwanda ba, ba shanya a rana ba. A ranar za a kai shi asibiti, kada a ce sai bayan suna.